Rasuwar Shato, Wanda Ya Riƙe Ruwa Har Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da rumbun da babu ko ƙwaya a ciki, Na'Allah mai gadi yana sanar da mutanen Agiye da Cadawa da Gangara cewa Shato ya riga mu gidan gaskiya. Ga wanda bai sani ba, shi ne dogon tankin ruwan nan mai ƙafa huɗu da ke bayan masaukin Nasara, wanda matafiyi kan hango tun bai ga gari ba.

An haife shi zamanin aikin tilas. Na'Allah na cikin samarin da suka ɗauko ƙarafansa, tabon na nan a kafaɗa. Marigayin ya shayar da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, da dokinsa da furannin madam matarsa. Talaka kuwa sai dai ya ji ɗis, ɗis daga bayan shinge.

Da aka samu mulkin kai Nasara suka tafi, injin da ke tura masa ruwa ya mutu, Shato ya bushe, buro, wato ofishin gwamnati, ya manta da shi. Na'Allah ya ce ba a yar da tsoho don ya rasa aiki. Ya hau tsani da hatsinsa, ya juye a cikin Shato ya mai da shi rumbu, ya liƙe bakin bututu da yumɓu saboda ɓera. Aka yi ta dariya wai ya kai tuwonsa kusa da Allah. Amma gara ba ta cin ƙarfe, gobara ba ta kai can. Masu dariyar nan a wurinsa suka riƙa roƙon iri.

Ciwon ajali tsatsa ce, ta ci murfi. Dija, uwargidan Na'Allah, ta yi maganar gyaran murfin har ta gaji. Ruwan farkon bana da ya sauka, wanda bai isa shuka ba, ciki ya zuba, ba wanda ya sani. Marigayi ya tuna sana'arsa ta fari, bai bar ko ɗigo ya fita ba. Da ruwan shuka ya zo ran Alhamis ya ƙara masa kaya, sai ya yi ta nishi, ƙiii, ƙiii. Da hantsi ƙafar gabas ta durƙusa, ya zo ƙasa rim! Irin bana duka ya fito yana tsami, ko kaji sun ƙi shi.

Mai cewa laifin yumɓu ne ya riƙe bakinsa. Ruwa aka yi shi ya riƙe, ruwa ya riƙe.

Ya bar tsani guda, da shamuwa biyu da ke ta kewaya inda sheƙarsu take, da Na'Allah da gonarsa a jiƙe ba abin zubawa.

Ba wanka, ya sha isasshe. Ɗantala maƙeri zai raba gawar gobe bayan azahar, a ƙera hauyoyi. Ana karɓar gaisuwa a gindin ƙafar da ta rage tsaye. Kada a kawo goro. Mai zuwa ya zo da tafi guda na irin hatsi, kuma ya yi sauri, ƙasa ba ta jiran mai makoki.