Igiyar da Ba Ta da Kai

A Dajin Marke komai yana da layi, har ƙishirwa. Idon ruwa ɗaya ne a dajin, kuma duk shekara ana yin gayya a yashe shi, a jawo itatuwa da duwatsun da suka faɗa ciki da igiya. Dokar kakanni ta ce wanda ya riƙe kan igiya shi ke fara sha, ba mai tsoma baki sai ya ɗaga kai. Da yake Mai Daji Ɓauna ne ke riƙe kan igiyar kullum, ko da ba ya ja, ba a taɓa samun saɓani ba. Shi ya sha, Galadima Raƙumin Dawa ya sha, Madaki Gyado ya sha ya kuma yi birgima a ciki, sannan talakawa su sha abin da ya rage, su yi godiya.

Ana nan sai Kaka Dutse ya iso. Kaka Dutse dutse ne mai ƙafafu, girmansa ya kai rumbu uku, yawo yake yi a duniya ba ya cutar kowa. Aibinsa ɗaya: inda barci ya kama shi nan yake kwanciya, kuma barcinsa na shekaru ne. Wannan karon a kan idon ruwa ya kama shi.

Aka kira majalisa a gindin marke. Mai Daji ya gyara murya ya ce, “Ya ku jama'ar daji, wannan jarrabawa ce. Amma ku kwantar da hankalinku. Za mu yi gayya kamar yadda kakanni suka yi, ni kuma, duk da nauyin shekaru, na amince in sake ɗaukar wahalar riƙe kan igiya.”

Galadima ya sunkuyo da dogon wuyansa. “Ranka ya daɗe, tausayinka ne ya hana ni barci. Na yi nazarin dokar, ban ga inda ta ce igiya ɗaya ce ba. Don in rage maka nauyi, ni ma na sa an tufka tawa.”

“Ni ma haka,” in ji Madaki, wanda bai yi nazarin komai ba amma yana da kunne.

Alƙali Hankaka ya shafa farin ƙirjinsa, ya tabbatar da cewa lalle dokar ba ta ƙidaya igiya ba. Aka yi tafi.

Can baya wata gada mai suna Tasalla ta miƙe. Ɗiyarta na manne da ita, tana neman nonon da ya fara ƙafewa. Ta ce, “Ranku ya daɗe, a yi haƙuri, yaushe za a sha ruwan? Yarinyar nan ba ta iya tsayuwa sosai.”

Alƙali ya ce tambaya ce mai kyau, kuma za a duba ta bayan an gama da masu muhimmanci.

Ranar gayya aka ɗaura wa Kaka Dutse igiya uku. Tun da ba babban da zai yarda ya tsaya a bayan wani, ko a gefensa, Mai Daji ya ja gabas da mutanensa, Galadima ya ja yamma, Madaki ya ja kudu. An yi gumi, an yi kirari, wani zomo har ya suma. Kaka Dutse bai gusa ba, sai ma minsharinsa da ya ƙara daɗi, don jan ya zame masa tausa. Da rana ta take, manya suka koma inuwa domin tantance wanda ya fi ƙoƙari.

Tasalla ta samu Jatau, jan biri, yana fifita da ganye, da Inna Laraba, dorinar da fatarta ta fara tsagewa.

“Kai Jatau, ka iya ƙulli ko bakin ne kawai?”

“Ni? Yarinya, na taɓa ɗaure wutsiyar Madaki da ta ƙanensa suna barci. Me za a ƙulla?”

“Igiyoyin duka ukun. A haɗa su su zama zobe, a zagaya dutsen, mu shiga mu ja gefe guda.”

Inna Laraba ta buɗe ido ɗaya. “To wa zai riƙe kai, 'yar nan?”

“Inna, ina kika ga kan zobe?”

Dorinar ta yi wata dariya da ta kori tsuntsaye daga reshe. “Tashi, Jatau, kafin in zauna a kanka.”

Nan da nan aiki ya kankama. Jatau ya haye dutsen yana ƙulli yana zagin igiyar Galadima, wai ruɓaɓɓiya ce. Tasalla ta bar ɗiyarta wurin bushiya, ta zaga daji a guje tana kira. Gafiyoyi suka tone ƙasa ta gangaren arewa, inda ba babban da ya zaɓa. Burtu ya hau kututture yana ba da murya. Kowa ya kama inda ya samu, kura kusa da barewa, kowace tana yi kamar ba ta ga 'yar'uwarta ba.

“Ku ja!” in ji Burtu. “Kai kunkuru, ja ake yi, ba rataya ba!”

Inna Laraba ta kafa ƙafafu. Igiya ta yi ƙara, ƙasa ta motsa, Kaka Dutse ya mirgina gefe kamar mai gyara kwanciya, ya ci gaba da barcinsa. Ruwan da ya daɗe a danne ya yi tsiri sama, ya cika idon, ya malala gangare har ya zama rafi.

Kafin kowa ya tsoma baki, manya sun iso da gudu.

“Dakata!” in ji Mai Daji. “Doka! Wa ya riƙe kai?”

“Ranka ya daɗe, ba ta da shi,” in ji Jatau.

Alƙali ya ce wannan ba zai yiwu ba, domin igiya marar kai daidai take da daji marar shugaba. Ya yanke hukunci cewa babban ƙullin ƙarshe shi ne kai, kuma duk wanda aka samu ƙullin a wurinsa shi zai fara sha. Manya suka yi na'am da sauri, kowa na shirin cewa a ɓangarensa yake. Aka bi igiyar a hankali, aka zagaya. Ƙullin yana maƙale a hammatar Kaka Dutse.

Mai Daji ya dubi ruwan, ya dubi Alƙali. Idan ya taka dokar yau, gobe da me zai fara sha? Ya haɗiye busasshen yawu ya ce, “Doka doka ce. Za mu jira ya tashi.”

Tasalla ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, wancan da ya zube gangare fa?”

“Wannan ai ragowa ce,” in ji Galadima yana yatsine fuska. “Babban mutum ba ya shan ragowa.”

“Mu dama ita muka saba sha. Mun gode.”

Talakawa suka gangara. Inna Laraba ta faɗa rafin da ƙarfin da ya jiƙa kowa. Tasalla ta sha har cikinta ya yi nauyi, kafin la'asar ɗiyarta tana tsalle tana bin mazari.

A sama kuwa manya sun ja layi a bayan Kaka Dutse, cikin natsuwa da kwarjini. An ce har yanzu suna nan, kuma an samu ci gaba: Galadima da Madaki sun kusa daidaitawa a kan wanda zai zama na uku.