Mara Lafiyar Farfesa Na-Riga-Na-Sani

Idan ana lissafin masana halin ɗan Adam, sai a fara da Farfesa Na-Riga-Na-Sani, a kuma tsaya a nan. Mu mataimakansa muka raɗa masa wannan suna, a bayan idonsa mana. A gabansa kuwa "ranka ya daɗe" ne, har da ɗan rusunawa.

Bincikensa a kan masu ciwon ji-da-kai ne, mutanen da suke ganin don su kaɗai aka shimfiɗa duniya. So yake ya tabbatar cewa zama da likita ana tattaunawa yana yi musu magani. Wa ya fi shi cancanta? Bango guda na ofishinsa hotunansa ne, kujerarsa kuma ta ɗara ta baƙo tudu.

"Babban ƙalubalen fagenmu," in ji shi, "shi ne mutanen nan ba sa yarda suna da ciwo, kuma ba sa sauraren kowa. Ni na fara gano haka."

Muka rubuta, har muna jan layi.

Marasa lafiyar suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya fita amsa waya, har yau muna jiransa. Saura mutum ɗaya tak, wani tsohon darakta da matarsa ta taso ƙeyarsa. In shi ma ya gudu, binciken ya mutu, digirinmu ya bi shi. Don haka muka riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai: mu ɗaukar masa jaka, mu zauna a bayansa lokacin zama don kada ya ga ƙofa.

Da farko Darakta yakan buɗe baki, sai Farfesa ya riga shi. Daga baya ya haƙura ya yi gum.

"Kun ga shirun nan?" in ji Farfesa. "Sauƙi ne ya samu. Makomar fagen nan tana ɗakin nan!"

Ƙa'idar binciken ita ce a naɗi zaman a faifai, a aika wa wata ƙwararriya daga waje, wadda ba a gaya mata wane ne likita, wane ne mara lafiya, don kada son rai ya shiga. Hukuncinta ne zai sa a ci gaba ko a rufe. Ranar da ta zo, duk muka hallara a ofishin Farfesa.

"Mara lafiyar nan ciwonsa ya yi tsanani," ta ce. "Daga farko har ƙarshe bai bar kowa ya yi tari ba. Shi kuwa likitan, na jinjina wa haƙurinsa."

Farfesa ya gyara zaman hularsa. "Baiwa ce, ba a koyonta."

Ta kunna faifan don ta nuna misali. Muryar Farfesa ta cika ɗakin, yana ba da labarin lambar yabonsa. Ya saurara yana murmushi, har ya ce a ƙara sauti. Sai da ta nuna na'urar ta ce "wannan shi ne mara lafiyar" murmushin ya bushe.

Nan take ta ce binciken ya tsaya. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Af, akwai wasu muryoyi a baya, masu cewa 'haka ne, haka ne'. Su ma suna buƙatar a duba su, da alama ba sa iya yanke komai da kansu. Su wane ne?"

Duk muka juya muka kalli Farfesa, muna jiran ya gaya mana abin da za mu ce.