Rijiyarku da Kwado, Tamu a Buɗe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Binciken Ƙasa da Ruwan da ke Ƙarƙashinta,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana shan ruwa mai daɗi, ni ne telan da gidansa ke manne da katangar bayan gidan mai, wanda ma'aikatanka suka karrama da ajiye motarsu a ƙofar shagonsa. Godiya na zo yi, sai 'yan ƙorafe-ƙorafen da ba su isa su ɓata maka rai ba.

Tun da tankin gidan man ya fara yoyo a ƙarƙashin ƙasa, rijiyarmu ta samu ci gaba. In ka jawo guga, sai ka ga bakan gizo yana yawo a saman ruwan. Maƙwabcinmu direba ya daina kunna sigari a tsakar gidanmu, abin da nasihar shekara da shekaru ta kasa sa shi ya yi. Duk da haka, da muka ga mutanenka da injin haƙa, murna muka yi.

Na ɗaya. Sun haƙa ramukan gwaji kusa da famfunan mai, da gefen ofishin manaja, har da gindin allon farashi. Da injin ya iso katangarmu sai ya ja birki. Na tambaya, aka ce bayan katanga ba ya cikin taswirar aikin. Ranka ya daɗe, shin an nuna wa fetur ɗin wannan taswira? Ga dukkan alamu bai san da ita ba, don ta ƙasa ya ratso mana, ko sallama babu.

Na biyu. Na ga yadda suka ɗebi ƙasa da safar hannu, suka zuba a kwalabe, suka kwantar cikin akwatin ƙanƙara, aka ɗauka a hankali kamar jariri. Tun ina yaro nake taka ƙasar nan ban san zafi na damunta ba. Na ɗebo ruwan rijiyarmu na miƙa musu, suka ce kwalbata ba ta dace ba. A nan kam suna da gaskiya, ta man keken ɗinki ce. Amma na wanke ta tas, sai dai da ruwan rijiyar na wanke.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Kafin su tafi sun bar wata siririyar rijiyar gwaji a jikin katanga, suka yi mata murfin ƙarfe, suka datse da kwado. Inna, mahaifiyata, tana kallo. Babana ne ya haƙa rijiyar gidanmu da hannunsa, kuma tun da ya rasu Inna ba ta shan wani ruwa sai nata. Matata da yara sun koma ruwan saye, Inna ta ce shi ko ɗanɗano ba shi da shi. Yanzu kuma ta samu hujja. Cewa ta yi, “Ai masu ilimi sun zo sun duba. Wadda ta lalace sun kulle ta, tamu sun bar ta. Kai dai ka tsaya a ɗinkinka.”

Na yi bayani har bakina ya bushe cewa kwadon naku don kare rijiyar gwajin ne daga hannun mutane. Na ɓoye guga, ta aro na maƙwabta. Na sa wa rijiyarmu nawa kwadon, ta daina amsa gaisuwata har sai da na cire. Yanzu ciwon kai ba ya barin ta, abinci ba ya zama mata a ciki, kuma tambayar farko da likita ya yi ita ce wane ruwa take sha. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba.

Na huɗu gajere ne. Duk lokacin da na kira ofishinka, sai a ce ana nazarin sakamako. Wane ni in gaggauta wa ilimi? Sai dai Inna ba ta jiran sakamako kafin ta ji ƙishirwa.

Ga roƙona. Ka aiko mana mutum ɗaya, ko mafi ƙanƙanta a ofishin ne, da hular kwano da rigar nan mai ƙyalli, ya tsaya a bakin rijiyar ya ce mata kada ta sha. Inna ba ta ɗaukar maganar ɗan da ta goya, amma za ta ɗauki ta mai hula. Rigar kam na riga na ɗinka irinta, ta ma fi taku zama a kafaɗa, kuma akwai abokin cinikina da Inna ba ta sani ba, ya ce zai saka. Na ninke ta na ajiye. Ba na so in yi wa uwata ƙarya a kan abin da yake gaskiya ne.

Naka mai biyayya, a durƙushe har ƙasa, duk da ban san abin da ke cikinta ba,

Telan Bayan Katanga