Janar Kefas Zai Hau Tungar Bisa

Duk faɗin Zuru, garin da kusan kowane gida da sojansa, babu wanda ya san duniya kamar Janar Kefas. Ni dai ban ga takardar da ta ba shi janar ba. Masu baƙin ciki sun ce da igiya biyu ya bar aiki, wai kuma shekarunsa talatin na soja a sito ya yi su, yana ƙirga barguna. To wa ke sauraron masu baƙin ciki? Mutumin da ya taɓa hango teku da idonsa ta tagar mota ai ya wuce a kira shi kofur.

Saboda haka da ƙungiyar zumunta ta unguwarmu ta yanke shawarar fita yawon buɗe ido na yini ɗaya, ba a sha wahalar zaɓe ba. Janar ya naɗa kansa shugaban kwamitin tafiya, ya kuma gode wa jama'a da suka ga cancantarsa.

"Tafiya ilimi ce," in ji shi, yana nuna mu da sanda. "Ku farar hula kuna tashi ne kawai ku kama hanya. Mu sai mun zana ta."

Ya fara da cewa a je Mambila, can ƙarshen ƙasa. Rachael, sakatariyarmu, ta tuna masa yini ɗaya gare mu, mota kuma ɗaya, bas ɗin Yusha'u. Sai matarsa Leah ta ɗaga hannu a hankali, ta ce me zai hana a je Tungar Bisa, garin iyayenta, can kan duwatsu. Tafiyar awa guda ce, ga iska mai sanyi, ga ruwa yana zubowa daga dutse. Kowa ya tafa. Janar kaɗai ya kama tari.

Dalilin tarin kuwa tsoho ne. A al'adar mutanen nan saurayi ba ya ɗaukar mata sai ya yi wa surukinsa noma shekara bakwai, shi ne golmo. Janar ya yi biyar, motar ɗaukar soja ta zo, ya jefar da garma ya haye. Leah ta bi shi daga baya, aka ɗaura aure a cocin bariki. Tun daga ranar bai sake taka dutsen ba, ko an ambaci sunan garin sai ciwon gwiwarsa ya motsa. Leah ke hawa ita kaɗai duk shekara, tana shan zolaya, wai matar wanda garma ta kora. Abin yana mata ciwo, ba kaɗan ba. Ubanta Baba Dodo ya tsufa tukuf, ita kuwa burinta ya ga mijinta a ƙofar gidansa kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Ƙin zuwa sai da bayani, bayani kuma shi ne tonon asiri. Sai Janar ya yi dabara irin ta manya: zai shiga garin da kwarjinin da babu mai iya buɗe baki ya ambaci garma.

Mako uku aka yi ana shiri. Ya zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, hanya ɗaya tal, amma ta sha kibau goma sha biyu. Ya sayo usur. Ya tara matan ƙungiya yana koya musu yadda ake shiga bas a layi, matan da suka shekara arba'in suna shiga bas da buhu a ka. Ya aika wa mai garin Tungar Bisa wasiƙa cewa babban baƙo na tafe, a kintsa. Da aka zo tsayar da rana, ya tambayi Leah yaushe dutsen ya fi kyau. Ta ce bayan ruwa na biyu, sa'ad da ko'ina ya yi kore. Ko ɗan yaye ya san lokacin huɗa ke nan, amma wanda ya shekara talatin cikin barguna sai a yi masa uzuri.

Ranar tafiya ya fito cikin farin yadi, da baƙin tabarau, da sandar girma. Muna isa kan dutse muka tarar da jama'a maƙil, ana ta kiɗa.

"Kun ga aikin wasiƙa," ya ce mana. "Giwa ba ta shiga gari a ɓoye."

Mu dai mun ji gangar noma ce. Janar ya hau wani dutse ya yi jawabi a kan muhimmancin yawon buɗe ido ga ci gaban ƙauye. Baba Dodo yana zaune a kujerar tsuguno, ya bar shi ya kai aya. Sannan ya jawo garma daga bayansa.

"Kefas, sannu da tahiya. Takardarka ta iso. Gonar na nan inda ka bar ta. Biyar ka yi, saura biyu."

Janar ya waiga neman Leah. Tana gefen ubanta, hawaye na zuba, tana dariya. Ga gari ya zuba ido, ga makaɗa sun ƙara wuta. Ya tuɓe tabarau ya karɓa.

Ba mu kai ga ruwan dutsen ba ranar, babu ma wanda ya tambaya. Wayoyi duk suka koma gona, ana ta ɗaukar hoto. Kafin la'asar farin yadi ya zama ja, Janar kuma ya tayar da kunya ɗaya da rabi, tana tafiya tana lanƙwasa kamar hanyar da muka hawo.

Aka riƙo Baba Dodo ya zo duba aiki. Ya dubi kunyar daga wannan kai zuwa wancan, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Leah, na yahe mishi shekara biyun. Ku tahi da shi gida. Gonar ga ba ta yi mini laihin komi ba."