Rasuwar Hular Kwanon Neville Prowse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba su ga dalilin ɓoye shi ba, iyalan Neville Prowse, tsohon matuƙin jirgi mai saukar ungulu na sojojin ruwa, suna sanar da rasuwar hularsa ta kwano. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a zauren ƙungiyar tsofaffin sojoji ta garinmu, tana da shekara hamsin da bakwai.

An ba Neville ita yana ɗan shekara ashirin da huɗu, sati biyu kafin a tura shi Vietnam. Shekara guda cur tana kansa. Ta sha zufa, ta sha jar ƙura, harsashi ya taɓa shafar gefenta ya wuce, ba ta kai ƙara ko'ina ba. Muryar rediyon da ke cikinta kamar mai ne a kasko, sai can a cikin ƙarar ka ji Col Dunstan, mai kula da bayan jirgi: "Mun ɗauko shi, yallaɓai. Sunansa Ritchie. Zagina yake yi, ke nan zai rayu."

Haka suke aikinsu. Duk mai raunin da aka jawo cikin jirgi, Col zai tambaye shi sunansa don kada ya yi shiru, ya faɗa wa Neville ta waya. In sun sauka, Neville ya cire hular ya rubuta sunan da biro a cikinta. Sunaye arba'in da uku. Littafin tashinsa rana da awa kawai ya ƙunsa. Mutanen kuwa a cikin hular kaɗai suke.

Ciwon ajali ya fara shekara shida da suka wuce, da Neville ya ara wa ƙungiyar ita aka kulle ta a akwatin gilashi, daidai inda rufi ke yoyo. Sau uku jikarsa Tegan tana rubuta wa kwamiti, tana roƙon a buɗe mata akwatin ta ɗauki hoton sunayen da ke cikin hular. Aikin minti biyar. Na farko aka ce za a duba. Na biyu aka ce sakatare ya tafi kamun kifi da makulli a aljihu. Na uku shugaba, Merv Tullock, ya dafa kafaɗarta ya ce, "'Yata, hular da harsashi bai kashe ba, ɗigon ruwa ne zai kashe ta?" Mutanen da ke tsayawa duk shekara su yi alkawarin ba za su manta ba, su ne suka kasa nemo makulli guda.

Danshi ya shiga, hular ta yi fumfuna. Da faretin tunawa da sojoji na watan Afrilu ya matso, makulli ya fito a rana ɗaya. Tsohon sojan ruwa ba ya ganin datti ya ƙyale. Merv ya samo buroshi da ruwan bilic, ya naɗe hannun riga, ya goge ta ciki da waje sai da ta yi fes. Bai sa tabarau ba.

Ya zo gidan Neville da kansa, hular na cikin leda. "Nev, wallahi na ɗauka duk fumfuna ce." Neville ya daɗe yana leƙen cikinta, kana ya ce, "Shekara hamsin ina gaya wa mutane ba ka iya karatu ba, Merv. Yau ka fitar da ni kunya." Ya yi dariya kaɗan. Bai ci abincin rana ba.

Marigayiya ta bar farin kwano mai warin asibiti, da igiyar haɓa, da mai ita, ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda mantuwa ta fara kamawa. Col ya riga ta tafiya tun tuni. Yanzu babu inda sunayen suka rage sai cikin kan Neville, shi ma ɗin da safe kawai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe tara na safe, a barandar gidan Neville. Ba a son furanni, ba a son jawabi. Duk wanda jirginsa ya taɓa ɗauka, ko wanda ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, ya zo da hoto ko tsohuwar wasiƙa, ko da rabin suna ne. Neville zai faɗi abin da ya tuna, Merv ne zai riƙe biro. Akwai shayi.

Kwamiti ya nemi a ɗage zaman zuwa wata mai zuwa, bayan taronsu. Iyali sun ce a'a. Jiya Neville ya kawo sunaye goma sha ɗaya. Yau da safe tara ya kawo.