Maganin Basir na Rillieux

Wani Bature maƙwabcina a garin Rillieux ya ba ni kwalabe shida na jan ruwa da ya haɗa da hannunsa. Na kurɓa, ɗaci kamar maɗaci, ga ƙamshin ganye. Ni jikan mai magani ne, nan take na yanke hukunci: maganin basir ne, mai kyau kuwa.

Kwana biyar ina sha da safe. Rana ta shida na zuba wa Alhaji limaminmu, don na san yana fama da basir.

Ya shinshina, ya ajiye kofin. "Malam, giya ce fa."

Daga ranar, ladancin da nake yi a masallacinmu aka ba wani. Har yau, ko tari na yi a masallaci sai wani ya ce, "Likita, yau ba a sha ba ne?"