Ranar da Na Kori Baƙin Ɗana

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar sadakar ukun ɗana Bukar ba. Direban keke napep ne, ya rasu a harin da aka kai bakin kasuwa. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidana a Ajilari, ni da liman da dattawan unguwa, muna karɓar gaisuwa.

Sai ga wata mata da yarinya mai ɗingishi, da maza biyu a bayansu. Daga shigarta na gane Kirista ce daga kudancin Borno. Ta durƙusa ta ce, "Baba, sannunku da haƙuri. Nan ne gidan su Ambulans?"

Ni kuwa na daɗe ina cika baki a majalisa cewa a gidana babu mai amsa sunan Turanci. A ganina irin su Siniya da Ciyaman sunayen zauna-gari-banza ne. Na gyara hula (har yau ina jin kunyar gyaran hular nan), na ɗaga murya don dattawa su ji.

"Baiwar Allah, nan gidan makoki ne, ba asibiti ba. Ku miƙe gaba, akwai kemis, ku tambaya can."

Ta ba ni haƙuri, suka wuce. Na juya ga liman na ce, "Ka ga zamani ko? Mutum da sunan mota."

Ban gama jin daɗin maganata ba sai ga su sun dawo, Modu mai kemis na gaba, mutane sun ƙaru a bayansu. Ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya, amma kowa ya ji.

"Baba, ai gidanka suke nema. Bukar ne Ambulans. Duk tasha da haka aka san shi."

Na rasa inda zan sa idona.

Modu ya ce duk lokacin da aka kai hari a gari, kowa na gudu, Bukar sai ya juya kekensa ya nufi wurin, ya kwashi masu rauni zuwa asibiti. Matar ta jawo yarinyar gabana ta ce, "Wannan a hannunsa ya ɗauke ta. Ban san sunansa na yanka ba, Baba, ka yafe ni."

Ita ke neman yafiyata, ni da na tura ta kemis. Ni kuma da nake yi wa Bukar faɗa kan yawan wanke kujerun keke, ina cewa ɓarnar ruwa ce, ban taɓa tambayar abin da yake wankewa ba.

Liman ya dube ni ya ce, "Malam Goni, mutum da sunan mota ko?" Dattawa suka yi murmushi. Na tashi da kaina na shimfiɗa wa baƙin tabarma. Da wani ya zo daga baya yana tambaya, ni na amsa: "Nan ne. Ni ne mahaifinsa."

Yanzu in na ji an kira yaro da sunan Turanci, nakan tambayi dalili kafin in ɗaure fuska. Mu iyaye mukan yanka rago mu raɗa suna tun yaro bai yi komai ba. Mutanen gari ko kaza ba sa yankawa, amma sai sun ga aiki suke raɗa nasu.